Shekarar da Aka Wanke Mana Iri

Shekarar da soja suka canja launin kuɗi, mutane suka yi ta cincirindo a bakin banki rana na dukansu, a shekarar ce na yi noman masarar da har yau ba ta sake ni ba. Duk wanda ya zauna Kaduna a lokacin ya san wadda nake nufi. Daminar da ta gabace ta ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, aka kuma sallame mu daga masaƙa, mu da yawa, rana ɗaya.

Kwalba ce ta tuno mini. Bana, da ruwan farko ya sauka, ɗana Bitrus ya shigo da wata 'yar kwalba daga shagon masu kayan gona, saboda ɗan filin da ke bayan gidanmu a Mahuta. Ya ce ba taki ba ne, wasu ƙananan halittu ne a cikin ruwan, a jiƙa irin masara da shi, su zauna a saiwa su taimake ta cin abinci. Ya ɗora kwalbar a taga, daidai inda rana take bugawa, ya juya yana amsa waya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauke ta na kai gindin randa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma.

Ya ce, "Baba, lafiya? Ka ɗauke ta kamar jariri."

Na ce ya bar ta a nan kawai. Malamarmu ta ajin manya ta daɗe tana cewa kowa ya rubuta wata damina da ya sani. To, ga tawa.

A lokacin ɗaki ɗaya muke haya a Kakuri, ni da matata Saratu, da Bitrus yana ɗan ƙarami, da Hannatu tana goye. Bayan sallama babu aikin da ban taɓa ba. Na ɗauki bulo, na sauke kaya a tasha, na haƙa masai. Wata rana a samu, wata rana in dawo hannu sake. Gashin Hannatu ya fara yin ja, ya yi laushi kamar gemun masara. Ban san wanda ya kai labari gida ba, amma ana cikin bazara sai ga uwar Saratu ta sauka da ƙunshin acca da citta a ka. Mama muke ce mata.

Ta huta, ta ɗauki Hannatu ta juya ta, ta duba cikinta da ƙafafunta. Sannan ta sa aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Baban Bitrus, ba faɗa na zo yi ba. Na ji ka samu gona. Zan zauna in yi muku daminar nan da hannuna. In kaka ta yi, masara ta isa ta kai ku wata damina, in koma ni kaɗai yadda na zo. In ba ta isa ba, da 'yata da jikokina za mu hau mota."

A wajenmu mutum ba ya musu da surukarsa. Ba ya kallon idonta, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya zama ya yi ta zuba mata bayani kamar sa'arsa. Na ce, "To, Mama." Iyakar abin da na ce ke nan.

Gonar tana Kamazou. Yanzu gidaje ne da katanga da ƙofofin ƙarfe, amma lokacin daji ne, sai ɗorawa da kaɗanya da 'yan bukkoki. Mu biyu muka karɓe ta aro, ni da Malam Haruna, kafinta a Makera. Shi ma aiki ya tsaya masa, don mai jin yunwa ba kujera yake nema ba. Mai gonar wani dattijon Gbagyi ne. Ranar da ya nuna mana iyaka, ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya buɗe hannu ta zube kamar toka.

Ya ce, "Ta gaji. Ta sha dawa tun ina saurayi. In ba ku sa mata taki ba, kada ku ce tsoho ya ɓoye muku."

Daga tsakiyar gonar ana hango wutar matatar mai tana ci a kan dogon bututunta. Ko da rana tsaka tana nan, ja-ja, ba ta mutuwa. Duk lokacin da na ɗaga kai daga fartanya, ita nake fara gani.

Takin zamani kuwa mun neme shi har muka gaji. Sai a ce ya iso, mu tafi mu shiga layi, soja na zagayawa da bulala suna daidaita mutane. Layi na tafiya kaɗan kaɗan, kana jin warin takin daga cikin sito, sai kawai a rufe ƙofa a ce ya ƙare. Kashin shanu ma masu hali sun riga sun kwashe. Hadari ya fara haɗowa a gabas, mu kuwa ba mu da komai sai iri da ƙarfinmu.

Ana nan sai ga Markus, ɗan ƙanin babana. Lebura ne a wata gonar gwaji wajen Zariya. Ya same mu a gona muna sharar fili, ya ja mu inuwar ɗorawa, ya kwance wani jiƙaƙƙen buhu. A ciki akwai leda, a cikin ledar baƙin gari mai danshi, kamar gawayin da aka daka aka yayyafa wa ruwa. Na shinshina. Ƙanshin ƙasar gindin randa yake yi.

Ya ce, "Yaya, ragowar na gwaji ne, oga ya ce mu raba. Ba taki ba ne. Akwai rai a cikinsa."

Malam Haruna ya ce, "Rai kamar yaya?"

"Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. A shafa wa iri, in ya tsiro sai su zauna a saiwa. Su sa ta yi yawa ta yi nisa, su kuma jawo mata abinci. Na ga inda aka sa da inda ba a sa ba, da idona. Ba zai kai takin buhu ba, amma ya fi babu nesa."

Malam Haruna ya tura hularsa baya. "Wato dabbobi ka kawo mana kiwo. To, me suke ci? Don mu ma ba mu ƙoshi ba."

Markus ya yi dariya, amma ya ce mu saurara da kyau. A dama shi da ruwan sukari don ya manne wa iri. A bar irin ya sha iska a inuwa. A shuka da sanyin safiya ko da yamma. Abu ɗaya ne abokin gabarsa, rana. In rana ta buge shi, gawa muka shuka.

Sukari a shekarar sai wanda ya yi layi ya yi sa'a. Malam Haruna ya ce yana da ƙaro a shago, Markus ya ce ƙaro ma ya fi.

Na kawo ledar gida a ɓoye cikin riga. Da Saratu ta gani, na yi mata bayani, sai ta kama baki.

Ta ce, "Baban Bitrus, ka rufa mini asiri, kada Mama ta ga wannan. Matar da ta ƙone layun ƙaninta a tsakar gida? Baƙin gari, a ɓoye a gindin randa, an ce kuma akwai rai a ciki? Kafin ka ce gonar gwaji ta tara mana zumuntar matan coci da fasto."

Na ga gaskiyarta. Ni ma kuma ba na son Mama ta san mun rasa taki, har muna jingina da abin da ido ba ya gani. Saratu ta tura ledar bayan randa, cikin jiƙaƙƙen yashi, kullum tana yayyafa mata ruwa in Mama ta zagaya.

Ruwan shuka ya zo da ƙarfi, da iska mai kwashe kwanon rufi. Gari ya waye ƙasa ta yi taushi, gina na tashi ko'ina, kaji na bin su. Mama ta tafi addu'ar safe. Ni da Malam Haruna muka zuba irin a babban daro, duka namu a haɗe, muka kwarara ruwan ƙaro, muka zazzage ledar har ƙasa, muka yi ta juyawa da hannu. Farar masara ta koma baƙa ƙirin, tana ɗan manne wa yatsu. Muka shimfiɗa ta a buhu a ƙarƙashin gado inda ya fi sanyi. Huɗa ba ta gama ba, don haka muka ce mu ɗebi ƙwarya ɗaya mu shuka 'yan kunyoyin da suka kammala kafin rana ta yi zafi, sauran sai yamma. Saratu ta goya Hannatu ta tafi layin sabulu, don an ce ranar za a raba.

Muka shuka ƙwaryar nan a ƙasan gona, wajen wani kwari. Muka ci gaba da huɗa har rana ta take, ƙasa ta fara tururi. Na ce da Malam Haruna ya huta, in je in ɗauko sauran irin.

Tun daga ƙofar gida na ga kwata tana gudu da baƙin ruwa.

Na shiga. Tabarmi shimfiɗe a tsakar gida, a tsakiyar rana, inda ko kaza ba ta iya tsayawa. Irin yana kai, fari tas, yana ƙyalli. Mama tana zaune a gefe da sanda tana korar kaji, zaninta jiƙe har gwiwa, tana waƙar coci a hankali. Da ta gan ni fuskarta ta washe.

Ta ce, "Baban Bitrus, Allah ne ya sa na zo garin nan. Shara nake yi na jawo buhu, sai ga iri baƙi ƙirin, ga danshi. Ku 'yan birni har kun manta burtuntuna? Da kun zuba wannan a gonar mutane, ko kara ba za ku samu ba. Wanda ya sayar muku ba ya tsoron Allah. Na wanke shi da ruwan toka, na yi ta canja ruwa har ya fita. Taɓa ka ji, ya kusa bushewa."

Burtuntuna cuta ce da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari. Duk wanda ya tashi a ƙauye, in ya ga baƙi a jikin iri, ita ce za ta fara zo masa. Abin da kowace uwa ta gari za ta yi, shi Mama ta yi. Na duƙa na ɗebi irin. Ya yi zafi kamar an sauke shi daga kasko. Bayan hannun Mama duk ya yi fari saboda toka.

Na ce, "Sannu da aiki, Mama. Mun gode."

"Ba komai, ɗana. Ai abin da na zo yi ke nan."

Saratu ta dawo ba sabulu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi tabarmi, ta dubi kwata, ta dube ni. Ta wuce ɗaki.

Da na kai irin gona, Malam Haruna ya buɗe buhu, ya daɗe yana kallo. Na gaya masa yadda aka yi. Ya yi salati, sannan ya ce, "To, dabbobinmu sun sha wanka."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ya ce, "Ka gaya mata?"

"Da wane baki?"

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Ni ma da tawa ce, godiya zan yi."

Muka shuka shi haka da yamma, don ruwa ba ya jiran kowa. Na aika wa Markus saƙo ta hannun wani direba. Amsa ba ta zo ba sai da masara ta kai gwiwa. Wai baƙin garin ya ƙare, gwajin ma an tsayar, shi kansa an sallame shi.

Da farko gonar ta ruɗe mu. Tsiro ya fito reras, kore shar, ko'ina ɗaya. Har na fara ce wa kaina wataƙila dattijon nan tsoratar da mu kawai ya yi. Muka yi noman firi, wato noman farko, mu huɗu, ni da Malam Haruna da Saratu da Mama. Ban taɓa ganin mai noma kamar tsohuwar nan ba. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta kama kunya, ba ta ɗagowa sai ta kai ƙarshe. Malam Haruna yana binta a baya yana haki.

Ta ce masa, "Malam, fartanya ba zarto ba ce. Sassara ake yi, ba gogawa ba."

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri da ni. Katako ba ya gudu, ciyawar nan kuwa ina juya baya take biyo ni."

Mukan tashi da asuba, Saratu ta dama kunu, mu ɗaura Bitrus a bayan keke, mata su biyo da ƙafa. In rana ta yi tsaka mu zauna gindin ɗorawa. Ni nakan ɗauki ƙwaryata in koma bayan itacen, don kada in sha a gaban Mama. Malam Haruna ya yi alwala da ruwan gora ya yi sallarsa, Mama ta hana Bitrus gilmawa ta gabansa.

Bayan firi ne abin ya fara. Ganyen ƙasa ya soma yin rawaya daga baki, rawayar tana bin tsakiyar ganye tana shiga ciki. Kara ya tsaya siriri, gindinsa ya yi ja-ja. Kullum in na zo sai in ga rawayar ta hau ganye na gaba. Sai kuma ruwa ya ɗauke.

Ba wai hadari ba ya haɗuwa ba ne. Kullum da la'asar gabas takan yi baƙi, iska ta taso mai sanyi da ƙanshin ruwa, a yi tsawa har ƙasa ta amsa. Mu tsaya da fartanya a hannu muna jira. Sai hadarin ya karkata ya bi ta wajen kogi, ya bar mu da guguwa. Da safe rana ta fito fara fat. Ganyen masara ya nannaɗe ya yi tsini kamar albasa. Ƙasa ta yi zafin da Bitrus ba ya iya taka ta, sai ya tsaya a kan inuwata. Tsuntsaye ma suka yi shiru. In ka tsaya a gonar ba ka jin komai sai ƙarar busasshen ganye, ga wutar matata can tana ci.

Kunyoyin wajen kwari kuwa suna nan kore. Su ma sukan nannaɗe da rana, amma da yamma su ware. Sun fi sauran tsawo, karansu ya yi kauri. Daga nesa kamar an ɗinka sabon ƙyalle a tsohuwar riga. Ni da Malam Haruna ba ma maganarsu. In aiki ya kai mu wajen, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce.

Wata rana dai Malam Haruna ya ce, "Iliya, wataƙila kwarin ne. Ruwa na kwanciya a nan."

Na ce, "Wataƙila."

Har yau ban san gaskiyar ba. Wataƙila kwarin ne, wataƙila garin Markus ne, wataƙila duka biyun. Abin da na sani, kunyar da ke manne da su, wadda ita ma a kwarin take amma da wankakken iri, ba ta kai su ba.

Da ruwa ya dawo sai ya dawo da fushi. Ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ya kwashe yashin kunyoyi, ya bar saiwa a waje. Lokacin ne yunwa ta zauna mana sosai. Accar Mama ta daɗe da ƙarewa. Aikin bulo ya tsaya saboda ruwa. Muka koma kwaɗon rama da tafasa, da ɗan garin rogo in an samu. Ɗaki ya yi sanyi, bango na tsattsafo da ruwa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida ba abin kirki a tukunya. Cikina yakan yi ƙara a coci har na kusa da ni ya waiwayo. Nonon Saratu ya ragu. Hannatu ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan siririn sauti kamar na mage. Na lura Mama tana rage nata tana tura wa Bitrus, tana cewa ita tsohuwa ce, cikinta ya ƙanƙance.

Na sayar da keke. Daga nan da ƙafa nake zuwa Kamazou.

Muna cikin maimai, wato noma na biyu, sai Bitrus ya zo da gudu da wasu furanni a hannu, masu kyau, ja-ja da ruwan hoda. Ya miƙa wa kakarsa. Mama ta karɓa ta duba, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Ina ka samo?"

Ya nuna. Muka bi hannunsa da kallo. A gindin masara, nan da can, har iyakar gani, wuta-wuta ce ta fito. Ita ciyawar nan a ƙarƙashin ƙasa take kama saiwa tana tsotsa, ba ta nuna kanta sai ta gama ɓarna. Gajiyayyar ƙasa take so. Muka yi ta tugewa muna tarawa muna ƙonawa, amma dukanmu mun san mun makara. Gonar ta yi kyau a ido ranar, fure ko'ina, kamar an yi mata ado.

Masara ta fid da kai tana iya ƙirjina. Goyon ya fito ƙanana, wasu kamar babban yatsa, wasu karan ko goyo babu. A wajen kwari kuwa goyo ya yi kauri, gemu ya zubo.

Wata rana muna hutawa, na hangi Mama ta gangara kwarin ita kaɗai. Ta daɗe a tsaye. Ta kama wani kara da iska ta kwantar, ta tuge shi da ƙyar. Ta hauro ta tuge wani daga cikin masu rawaya, wannan da hannu ɗaya ya fito. Ta kawo su gindin ɗorawa ta ajiye a gabanmu. Saiwar na farko ta yi cunkus kamar gemun tsoho, ƙasa ta manne mata dam. Ta biyun 'yan zare ne ƙalilan, a tsirara.

Ta ce, "Baban Bitrus, wane iri kuka sa a can ƙasa?"

Saratu ta sunkuya tana gyara goyon Hannatu. Malam Haruna ya tashi ya ce bari ya duba gorarsa.

Na ce, "Iri ɗaya ne, Mama."

"Ranar da na yi wanki, da safe, ba ku ɗebi komai kun tafi da shi ba?"

Na dubi ƙasa. Ina jin idonta a kaina. Can ta ɗauki mai saiwar, ta shinshina ƙasar da ke jiki, ta ajiye a hankali. Ta ɗauki fartanyarta ta koma aiki. Ranar ba ta yi waƙa ba, kuma ba ta sake tambaya ba. Amma daga ranar ta riga kowa fita, ta bi bayan kowa dawowa, har Saratu ta fara yi mata faɗa kada ta faɗi.

Kaka ta zo. Muka karye masara, muka ɓare, muka shanya, muka casa. Aikin da muka zaci zai ɗauke mu lokaci, nan da nan ya ƙare. Muka fitar wa mai gona nasa. Ya dubi abin da muka kawo, ya mayar mana da rabi, ya ce baɗi zai bar ta ta huta. Sauran muka raba biyu. Abin da 'yan kunyoyin kwari suka bayar ya kusa kai na sauran gonar gaba ɗaya.

Malam Haruna ya ja ni gefe. Ya ce, "Iliya, ɗauki nawa ka haɗa da naka ka jera a ɗaki. Tsohuwa ta gani ta tafi, sai ka maido mini."

Na ce, "Malam, ita ta karye masarar nan da hannunta. Ta san kowane goyo. Kuma in ta tafi, yaran me za su ci? Buhunka?"

Ya dubi buhunan. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa rabuwar ta alheri ce."

Mama ta ga buhunan, ta ƙirga su da ido. Ni da kaina na ce wa Saratu ta haɗa kaya. Na raka su tasha da safe, Bitrus a wuyana, ƙunshi a hannuna. Saratu ta shiga mota ta juya fuska wajen taga ta can gefe. Hannatu tana barci, na taɓa ƙafarta, ba ta farka ba.

Mama ce ta ƙarshen shiga. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta sauke, ta dawo inda nake. Na durƙusa. Ta ce in tashi. Ban taɓa tsayawa ido da ido da ita ba sai ranar.

Ta ce, "Ɗana, in aka sake kawo maka wani abu, ko mene ne, ka gaya wa tsohuwa. Kunya ba ta hana a gaya wa mutum abin da ke ƙarƙashin gado."

Na ce, "To, Mama."

Ta miƙo mini fartanyarta, ta shiga mota.

Bana, kafin mu taɓa kwalbar Bitrus, sai da na tara duk mutanen gida, da Saratu, da matarsa, da yaran, har da maƙwabciyarmu mai shigowa ɗibar ruwa. Na ce ga abin da ke gindin randa, ga amfaninsa, in kun ga iri ya canja launi kada wanda ya wanke, kada wanda ya shanya. Suka yi ta dariya, wai Baba ya kira taro saboda kwalba. Saratu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Muka shuka da yamma, da fartanyar Mama, wadda aka canja wa ƙota ba sau ɗaya ba. Masarar ta tsiro. Kullum da safe nakan duba ganyen ƙasa.

Ga abin da shekarar nan ta ci mini. Ledar gari ɗaya. Masarar gona guda, ban da buhu biyu da na samu. Keke ɗaya. Gonar Kamazou, don ba mu sake komawa ba. Mama, wadda ta rasu a can gida kafin in sake ganinta. Damina uku da Saratu da yara suka yi a ƙauye kafin in samu aikin gadi in dawo da su. A can Hannatu ta koyi tafiya, a can ta koyi magana, a bakin mutanen da ke kirana da sunan wanta. Yanzu tana da 'ya'yanta, tana zuwa gaishe ni, tana durƙusawa har ƙasa. Har yau Baban Bitrus take ce mini.